Daga Kunne Zuwa Ido: Yadda Garin Night Vale Ya Bar Rediyo Ya Shiga Littafi

A ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 2012 aka saki kashin farko na wani shirin sauti a intanet, shirin da bai cika rabin sa'a ba, wanda kuma ba a kashe masa wani kuɗi na a-zo-a-gani ba. Kusan babu komai a cikinsa face muryar wani ma'aikacin gidan rediyo, a wani ɗan ƙaramin gari da ke tsakiyar hamadar kudu maso yammacin Amurka, yana karanta wa mutanen garin labarai da sanarwoyi irin na yau da kullum. Ɗaya daga cikin sanarwoyin farko ita ce majalisar gari ta buɗe sabon filin shaƙatawa domin karnuka, amma tana tunatar da jama'a cewa ba a yarda kare ya shiga filin ba, ba a yarda mutum ya shiga ba, kuma duk wanda ya hangi wasu halittu masu lulluɓe a ciki, to kada ya kusance su. Daga nan sai mai sanarwa ya wuce zuwa batu na gaba cikin murya mai sanyi da natsuwa, tamkar wanda ya gama faɗar farashin gero a kasuwa.

Sunan shirin Welcome to Night Vale, wato barka da zuwa Night Vale. Sunan garin kuwa, idan aka matsa lallai sai an fassara shi, ana iya cewa Kwarin Dare. Garin babu shi a kowace taswira. Wani marubuci mai suna Joseph Fink ne ya ƙago shi, Jeffrey Cranor ya haɗu da shi wajen rubutu tun a farko-farko, sannan ɗan wasan kwaikwayo Cecil Baldwin ya ba da muryarsa ga mai gabatar da shirin, wanda shi ma aka raɗa wa suna Cecil. Su ukun wata ƙungiyar wasan daɓe ta birnin Niyok mai suna Neo-Futurists ce ta haɗa su. Tunanin da Fink ya gina garin a kai shi ne: a samu wani gari a hamada inda duk wata jita-jitar maƙarƙashiya da ake yaɗawa a duniya gaskiya ce, amma kuma mutanen garin su ci gaba da zuwa aiki da kai yara makaranta kamar babu abin da ya faru.

Irin wannan shiri shi ake kira fodkas, kalmar da ba ta daɗe a duniya ba, domin a shekarar 2004 ne ɗan jarida Ben Hammersley ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila, inda aka haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. Sau biyu a wata aka riƙa sakin Night Vale, ranar 1 da ranar 15. Shekara guda ya yi yana rarrafe, sai a watan Yuli na 2013 ya haye saman jerin fodkas na iTunes a Amurka, ya ture tsohon shirin nan mai farin jini This American Life. Matasa a dandalin Tumblr ne suka fi kowa yi masa talla. Daga cikin abin da ya ja hankalinsu har da soyayyar da ke tsakanin Cecil da wani masanin kimiyya mai suna Carlos, dukkansu maza, abin da ya kamata mai karatu na nan gida ya sani kafin ya nemi shirin ko littafin, tunda al'adar masu shi ce ba tamu ba.

A ranar 20 ga watan Oktoba na 2015 ne kamfanin ɗab'i na Harper Perennial ya fitar da ƙagaggen labari mai wannan suna, mai shafi kusan 400, wanda Fink da Cranor suka rubuta tare, ya kuma shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times a matsayi na huɗu. Wannan littafi shi ne abin nazarinmu a yau. Tambayar da ta dame ni a kansa, a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ita ce: idan ƙarfin labari duk a murya yake, me zai rage in an kwantar da shi a kan takarda, wadda ba ta da maƙogwaro?

Kafin a amsa, wajibi ne a fahimci inda dariyar shirin take fitowa, domin ba daga dodanni take fitowa ba. Dodanni kam akwai su birjik. Akwai wani gajimare mai ƙyalli da ya taso wa garin yana ruwan mushen dabbobi, wanda daga baya ya zama shugaban hukumar makarantu. Akwai ma'aikatan laburare waɗanda shiga hannunsu halaka ne. Akwai matasa masu koyon aiki a gidan rediyon, waɗanda kusan kowannensu ajalinsa ke samunsa a bakin aiki, sai Cecil ya yi wa iyalansa ta'aziyya a jimla ɗaya ya koma kan labarin zirga-zirgar motoci. To amma duk wanda ya tara waɗannan ya ba da labarinsu da ihu da zare ido, abin da zai samu shi ne fim ɗin tsoro na kwabo da ahu. Abin da ya bambanta Night Vale shi ne rashin daidaito tsakanin nauyin abin da ake faɗa da sanyin muryar da ke faɗarsa.

Masanin falsafar harshe Paul Grice, a wata maƙala da aka buga a 1975, ya bayyana cewa duk zance tsakanin mutane yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: mai sauraro yana sa ran mai magana zai faɗi gaskiya, zai faɗi gwargwadon abin da ake buƙata, zai tsaya kan batu, zai kuma yi bayani a fayyace. Mai karanta labarai a rediyo shi ne mutumin da aka fi ɗora wa wannan amana, domin aikinsa ke nan. Cecil kuwa ba ya ƙarya, a iya saninsa. Ma'aunin gwargwado ne ya karye masa. Yana iya ɓata minti uku yana yabon sumar Carlos, ya ba mutuwar mutane goma daƙiƙa biyar. Idan ya ce ga rahoton yanayi, waƙa ce ake sakawa, ta wani mawaƙi daban a kowane kashi. A ƙarshen shiri kuma akan kawo karin maganar ranar, wadda ke da zubi da kari irin na hikimar magabata, amma idan ka tauna ta sai ka tarar ta kai ka inda ba ka nufa ba. Bahaushe, wanda ya san darajar karin magana, zai fi kowa gane wannan shaƙiyanci: an ɗauki kwarya mai kyau an miƙa maka da ladabi, ka buɗe faifai ka ga kunama.

Akwai wata dabara ta biyu wadda ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta fi burge ni. Masana ilmin ma'ana sun daɗe da lura cewa jimla takan ɗauke da wani zance a ɓoye, wanda ta riga ta ɗauka tabbatacce ne tun kafin a buɗe baki. Idan aka tambaye ka yaushe ka daina shan taba, ko wace amsa ka bayar ka riga ka amsa cewa ka taɓa sha. Hukumomin Night Vale da irin wannan jimla suke mulki, sai dai kullum ita ke tona musu asiri. Doka ta haramta wa kowa ya yarda cewa akwai wasu dogayen halittu da mutanen garin ke kira mala'iku (waɗanda, ya kamata a faɗa, ba su da wata alaƙa da mala'ikun da addini ya sanar da mu, su waɗannan duk sunansu Erika, suna zaune a gidan wata tsohuwa mai suna Josie, har ɗayansu ya taɓa canza mata ƙwan lantarki). Amma ai ba a kafa dokar hana kallon abin da babu shi. Haramcin da kansa shi ne shaidar samuwar abin. Haka 'yan sandan ciki na garin, waɗanda sunansu ya ce na asiri ne, su ne ke aiko da sanarwa gidan rediyo, kowa kuma ya san suna sauraron duk abin da yake faɗa a cikin ɗakinsa. Mutumin Night Vale yana rayuwa ne da sani biyu a kai ɗaya, wanda idonsa ya gani da wanda aka yarda ya furta.

Ba zan ce wannan ne ya ɗaga shirin ba, amma abin lura ne cewa a watan Yuni na 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a, wata guda kacal kafin Night Vale ya hau saman jeri. Barkwancin da aka rubuta a matsayin abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai ga shi ya yi kama da kanun labarai. George Orwell ya yi gargaɗi tun 1946 a kan yadda harshen siyasa ke sanya wa mummunan aiki tufafi masu kyau, Victor Klemperer kuma ya fitar da littafi a 1947 a kan yadda 'yan Nazi suka gurɓata Jamusanci. Su biyun da fushi da baƙin ciki suka yi nasu. Fink da Cranor sun bi ta hanyar dariya, irin dariyar da mutum kan yi sannan ya waiga ya ga ko akwai wanda ya ji shi.

A nan harshenmu yana da wani makami da ya fi na Ingilishi kaifi. Hausa tana da lamirin nan da ke ɓoye mai aikatawa: an, ana, aka, za a. An hana. An tafi da shi. Za a ɗauki mataki. Babu wanda ya yi, amma an yi. Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san wannan murya, ya kuma san cewa sau da yawa gwargwadon natsuwarta gwargwadon girman abin da ke bayanta.

To, wannan duk aikin kunne ne. Ɗan shirun da Baldwin kan yi kafin ya ƙarasa jimla, da yadda yakan sauke murya a daidai inda ya kamata ya ɗaga ta, da kiɗan Disparition da ke gudana a ƙarƙashi, babu ɗayansu da waƙafi ko aya za su iya ɗauka. Matsalar ba sabuwa ba ce. Wanda ya taɓa buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, ya san cewa Gizo yana nan a shafi, amma tsamin bakinsa da kwaikwayon da tsohuwa ke yi masa da dariyar yara duk sun zube a hanya. Abubakar Imam ya gane haka, shi ya sa a Magana Jari Ce ya ajiye aku a tsakiya, domin mai karatu ya riƙa jin cewa wani ne ke ba shi labari da baki. A can Turai ma an sha gwadawa. Douglas Adams ya mayar da wasansa na rediyon BBC na 1978, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, ya zama littafi a 1979. Garrison Keillor ya yi haka da ƙagaggen garinsa na rediyo a littafin Lake Wobegon Days a 1985. Orson Welles kuwa a 1938 ya bi hanyar a juye, ya ɗauki littafin H. G. Wells na mamayar halittun duniyar Mars ya zuba shi cikin zubin labaran gaggawa, har wasu masu sauraro suka ɗauka da gaske ne.

Hanya mafi sauƙi ga Fink da Cranor ita ce su bar Cecil ya ba da labarin tun daga bango har bango. Ba su yi haka ba, kuma a ganina wannan ita ce shawara mafi kyau da suka yanke. Sun tura shi gefe. Muryarsa takan leƙo ne jefi-jefi tsakanin babi da babi, a matsayin rubutaccen shirin rediyo, kamar yadda rediyo kan yi ta magana a kan kanta alhali masu gida na harkokinsu. Labarin kansa sai aka miƙa shi ga mata biyu daga cikin masu sauraro, wato mutanen da ake yi wa sanarwa, waɗanda shirin bai taɓa shiga ɗakunansu ba.

Ta farko ita ce Jackie Fierro, mai shagon jingina ɗaya tilo a garin. Shekarunta 19, kuma ta yi shekaru aru-aru tana da shekara 19, domin lokaci ba ya tafiya daidai a Night Vale. Ko me aka kawo mata jingina, dala 11 takan bayar, ko mota ce ko ɗigon hawaye. Rayuwarta a tsare take, yau kamar jiya, har ranar da wani mutum mai kwat ruwan ƙasa, riƙe da akwatin fatar barewa, ya miƙa mata wata 'yar takarda da aka rubuta sunan wani gari a kai, King City. Takardar nan ta ƙi barin hannunta. Ta yar, ta yaga, ta ƙona, da ta duba sai ta gan ta a tafin hannunta. Shi kuwa mutumin, duk wanda ya gamu da shi, da ya juya baya sai ya manta kamanninsa da sunansa.

Ta biyu ita ce Diane Crayton, ma'aikaciyar ofis kuma ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai, wadda ke renon ɗanta Josh ita kaɗai. Josh yana da shekara 15, kuma yana rikiɗa: kusan kullum da siffar da yake wayar gari da ita, wani lokaci har siffar ba ta dace da riƙe sitiyari ba, ga shi kuwa uwar tana koya masa tuƙi. Ya fara tambaya game da mahaifinsa Troy, wanda ya gudu ya bar su tun yana jariri. Ana cikin haka sai Diane ta fara ganin Troy a ko'ina cikin gari, bai tsufa ko kaɗan ba: ga shi ɗan sanda, ga shi yana raba abinci a gidan cin abinci, ga shi a gidan silima. A ofishinta kuma wani abokin aiki mai suna Evan ya ɓace, kowa ya rantse ba a taɓa yin mai wannan suna a wurin ba.

Mai karatu zai lura cewa idan aka cire rigar almara, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da baƙo ne. Wace uwa ce mai ɗa ɗan shekara 15 ba ta taɓa duban sa da safe ta ga kamar an canza mata shi da dare ba? Wane ne bai san matashin da shekaru ke wucewa amma rayuwarsa ta tsaya cik a wuri ɗaya ba, babu gaba babu baya? Uban da ya tafi kuwa, ai a ko'ina ake ganinsa, a fuskar ɗansa da cikin tambayoyin da ba a son amsawa. Abin da marubutan suka yi shi ne sun ɗauki siffantawa, irin wadda mukan yi da kamar ko tamkar, suka cire kalmar kamar ɗin, suka bar sauran a matsayin zahiri. Maimakon a ce yaron kamar kullum wani mutum ne daban, sai aka ce kullum wani abu ne daban, aka kuma ci gaba da labari. A shirin rediyo, abin al'ajabi ake faɗa da muryar yau da kullum. A littafi sai aka juya ƙwaryar, abin yau da kullum ne ya fito da fuskar al'ajabi. Wannan juyi shi ne abin da takarda ta iya wanda makirufo bai iya ba, domin sanarwa ba ta shiga zuciyar mutum ta zauna shafi goma.

Wanda ke son ya gano bakin zaren da kansa yana iya tsallake wannan sakin layi da mai bi masa. King City dai gari ne na gaske, a gundumar Monterey ta jihar Kalifoniya, mai mutane kimanin 13,000, a kwarin Salinas inda John Steinbeck ya gina labarinsa East of Eden na 1952. Amma a cikin littafin duk hanyar da aka bi ba ta kai wa can. Sai da matan biyu, waɗanda da farko ba sa ga-maciji, suka haɗa kai, suka kutsa laburare da ransu a hannu domin neman bayani (wannan babi shi ne mafi daɗi a littafin, kuma duk malamin da ya taɓa fama da ɗalibai masu gudun laburare zai yi murmushi), sannan bayan Josh ya gudu neman ubansa suka samu hanyar isa.

Abin da suka tarar shi ne mai kwat ɗin nan magajin garin King City ne. Troy ne ya je garinsa ya zauna, ya yi ta ninkuwa har ya zama mutane da yawa, ya tafi da ruɗanin Night Vale a jikinsa, har garin ya zame daga lokaci da tunanin mutane, shi kansa magajin gari jama'arsa suka manta da shi. Abin da ya sa wannan warwara ta yi armashi shi ne Troy ba mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai son taimako, gwani a kowace sana'a, kowa na yabonsa. Inuwar giginya ce kawai, na nesa ka sha. Yana da jiki ashirin da zai yi wa baƙi hidima da su, ba shi da ko ɗaya da zai zauna da ɗansa. Bayan ɗaruruwan shafuka na dodanni, sai ya zamana babban abin da ya rusa gari guda shi ne namijin da ya ƙi ɗaukar nauyin gidansa. Ita kuma Jackie, sai da ta yarda ta fita daga shagonta ta damu da matsalar wani, sannan shekarunta suka fara motsi.

Duk da haka littafin yana da rauni, kuma rauninsa daga inda ƙarfinsa ya fito yake. Salon Night Vale shi ne a faɗi jimla, a biyo ta da wata da za ta janye tabarmar da ta farko ta shimfiɗa. Akwai wurin da mai ba da labari ya nemi mai karatu ya ƙiyasta yaro ɗan shekara 15 a ransa, sannan ya gaya masa bai ƙiyasta daidai ba, ya sake. Gidan Diane ma yana da nasa tunanin, ana kuma gaya mana shi. A cikin minti 25, sau biyu a wata, wannan gishiri ne. A shafi 400 a jere, akwai inda miya takan yi gishiri har ta gagari sha. Rabin farko na littafin yana jan ƙafa, matan biyu suna ta kewaya gari daga wannan sanannen wuri zuwa wancan, kuma a fili yake cewa wasu ziyarce-ziyarcen an yi su ne domin tsofaffin masu sauraro su ga mutanen da suka saba da su, ba domin labarin na buƙata ba. Wanda bai taɓa jin shirin ba zai iya bi, amma zai riƙa jin kamar ya shiga bikin dangin da ba nasa ba, ana ta dariyar abin da ya faru bara.

Rauni na biyu ya shafi nau'in littafin. An tallata shi a matsayin labarin bincike, irin wanda ake bin sawu har a gano gaskiya. Irin wannan labari yana da sharaɗi. A 1929 Ronald Knox ya tsara dokoki goma na labarin bincike, ta biyunsu ita ce babu ruwan labarin da aljanu ko wani abin da ya saɓa wa al'ada. Dalili kuwa a fili yake: mai karatu abokin takarar jami'in bincike ne, kuma ba a takara sai a filin da ke da iyaka. A garin da tsuntsun roba na ado zai iya jefa wanda ya taɓa shi cikin wani zamani, babu alamar da za a dogara da ita, domin komai na iya haifar da komai. Saboda haka wanda ya zo da tsammanin Agatha Christie zai koma da hannu biyu. Tambayar da littafin ya amsa da gaske ba ita ce wane ne ya aikata ba. Ita ce me ya sa wannan uwa da wannan yarinya suka kasa ci gaba da rayuwa, kuma a nan ya cika alkawari.

Marubutan sun ci gaba. A 2017 suka fitar da It Devours!, inda wata masaniyar kimiyya, Nilanjana Sikdar, ke binciken wasu ramuka da ke haɗiye gine-gine, binciken ya haɗa ta da wani mabiyin wata ƙungiyar ibada ta garin, labarin ya zama muhawara tsakanin kimiyya da imani. A 2020 kuma suka fitar da The Faceless Old Woman Who Secretly Lives in Your Home, tarihin wata tsohuwa marar fuska da ke zaune a ɓoye a gidan kowa, wanda mafi yawansa ma ba a Night Vale ya faru ba. Kowane littafi yana ƙara nisa da ɗakin watsa shiri. Abin ban sha'awa kuma shi ne littafin farko bai daɗe a takarda shi kaɗai ba, domin tare da shi aka fitar da na sauraro, wanda Baldwin ya karanta da muryar nan tasa, na tsawon fiye da sa'o'i goma. Jimlolin da ke gajiyar da ido, da yawansu sukan farfaɗo idan suka koma bakinsa.

Akwai wani abu guda da zai ba duk mai niyyar kawo irin wannan aiki cikin Hausa wahala. Ingilishi yana da kalma ɗaya tak ta mutum na biyu, wadda ke ɗaukar namiji da mace, ɗaya da jam'i. Night Vale ya ci moriyar wannan ƙwarai. Kashi na 13 na shirin, mai suna A Story About You, gaba ɗayansa labarin mai sauraro ne, ana ba shi labarin kansa, kuma ko wane ne ya sa abin ji a kunne sai ya ji da shi ake. Hausa ba ta ba da wannan dama. Tun a kalmar farko dole mai fassara ya zaɓa tsakanin kai da ke da ku. In ya ce kai, ya sallami rabin masu sauraro. In ya ce ku, ya mayar da raɗa a kunne ta koma shela a dandali, alhali tsoron da ke cikin kashin ya dogara ne a kan jin cewa mutumin da ke cikin rediyo ya san inda kake zaune a daidai wannan lokaci.